Mura Ce Kawai

"Mura ce kawai, Balkisu! Sanyin jirgin ƙasa ne ya kama ni tun daga Yaoundé."

"Murar da ta hana ka jin ƙanshin turarena? Don Allah masoyina, ka je a gwada ka kafin ka shiga gaida Baba. Ka san asmarsa..."

Lukmanu ya haɗe rai. Bikinsu ya matso, ga tsoron kada a ji an zura masa tsinken auduga a hanci, duk kasuwar Garoua ta ɗauka korona ce, a ƙaurace wa shagonsa.

"In dawo daga tafiya ban gaida surukina ba? Haba zuciyata!"

Ya shiga. Baba ya riƙe hannunsa, suka ci tuwo a kwano ɗaya.

Kafin mako ya zagayo Baba ya daina fita mahauta. Da numfashi ya gagare shi aka kai shi asibiti, a ranar Lukmanu ya miƙa kansa aka gwada shi. Sakamakonsa da na Baba ya fito iri ɗaya: korona ce.

Lukmanu ya warke. Baba kuwa, ta taga Balkisu ta yi masa ganin ƙarshe.

"Kada ki ɗora wa kowa laifi," in ji Odette, nas ɗin da ta yi jinyarsa. "Gwajin ya nuna cutar, bai nuna wanda ya ba shi ba. Mutum nawa ke tsayawa gaban teburin namansa?"

Bayan sadakar arba'in Lukmanu ya zo, ya rame kamar ba shi ba. Dada, mahaifiyarta, ta tura ta zaure.

"Je ki, 'yata. Kwana ne ya ƙare, ni ban riƙe yaron nan ba."

Ya durƙusa a gabanta yana kuka.

"Balkisu, ki ce wani abu... ko zagina ki yi!"

"Kowa ya yafe maka, Lukmanu. Ni ma kullum sai na roƙi Allah ya ba ni ikon yafewa."

"To mu yi aurenmu, rabin raina. Zan riƙe Dada kamar uwata!"

"Wallahi ina son ka..." in ji ta. "Amma ban iya kallon fuskarka ban ga Baba yana neman iska ba. Ka ce wa kawunnanka su zo su ɗauki lefen."

Da ya miƙe zai fita, ba takalmi a ƙafarsa, ita ce ta sunkuya ta tura masa su.