Dogo Ya Nutse Bai Yunƙura Ba

Da hantsi aka bugo wa ofishin 'yan sanda waya cewa wani ɗan wasan ninƙaya da ake kira Dogo ya nutse a wurin horo, yana asibiti rai a hannun Allah.

Da Sufeto ya isa wurin, ya tarar da kociyan Dogo yana ta kumfar baki, yana nuna mai ceto, wani dattijo da rigarsa ke ɗigar ruwa.

"Barci yake yi, ranka ya daɗe, a kulle shi. Ni ina ofis lokacin."

"Baba, me ka gani?" in ji Sufeto.

"Wallahi idona na kansa. Yana tafiya a ƙarƙashin ruwa sai ya tsaya cak, ko yunƙurin tasowa bai yi ba. Nan take na faɗa."

Wannan magana ta tsaya wa Sufeto a rai, sai ya kai ta gaban likita.

"Ba ƙarewar oksijin ke sa mutum neman numfashi ba," in ji ta. "A tushen ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai inda ke auna iskar kabon dayoksaid a jini. In ta taru, sai ya tilasta maka numfashi. Wanda ya yi ta haki da gangan kafin ya nutsa ya zubar da ita, sai ya suma ba tare da gargaɗi ba. Da mai ceton ya ƙara minti ɗaya, da gawa aka kawo mana."

Sufeto ya koma ya samu mai shara, wadda dama bakinta ke ƙaiƙayi.

"Kullum sai kociya ya sa 'yan wasan haki kafin su nutsa. Yau ina goge tayil a bayansa, na ji ya ƙirga wa Dogo har arba'in."

Da aka maimaita masa, gumi ya karyo wa kociya.

"Na san an hana," ya ce a hankali. "Saura kwana uku gasa, na so ya daɗe a ƙasa."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

Dattijon ya kama hannun Sufeto da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Allah Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

"Amin, Baba. Sake riga mu tafi asibiti. Dogo ya farfaɗo, mahaifiyarsa na son ganinka."

"Ni? Shekara ashirin ina kan kujerar nan, sai in abu ya ɓaci ake nemana."

"To yau godiya ce. Taho mu je."