Fatar Da Ba A Yanke Ba

Tun safe mai ɗinki take kai-komo tsakanin ɗaki da falo, jaririnta a kafaɗa. Ta hau keken ɗinki ta sauka, ta ɗauki almakashi ta ajiye. Yau surukarta ta ce mai kaciya zai zo.

Da matsala aka haifi yaron. Ƙofar fitsarinsa ba ta kai bakin gabansa ba, a ƙasa ta tsaya, fata kuma ta taru a sama kamar hula. Likita ya duba shi, ya ce mata, "Ke tela ce ko? To, fatar nan ita ce ƙyallena. Zan ƙera masa hanyar fitsari har baki, in lulluɓe da ita. In kuka yi masa kaciya, da me zan yi ɗinkin? Ku bari ya cika wata tara."

Inna kuwa, uwar mijinta, ta dage kaciya ce za ta buɗe hanyar.

"Maza huɗu na haifa, babu mai fitsari a ƙafarsa," ta ce, tana hararar surukar tata. "Wannan ba a danginmu aka kwaso shi ba." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka yi zuru kamar an shuka ka. Ko a yanke yau, ko ta koma gidansu da kayanta."

Mijin, direba ne, ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota. Shirunsa ya fi maganar Inna yi wa mai ɗinki ciwo. Mutumin da kafin aurensu ya yi shekara biyu yana yaga aljihunsa da gangan don ya samu dalilin zuwa shagonta!

Sai ga sallamar mai kaciya da jakarsa. Mai ɗinki ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, hawaye na zuba.

"Inna, ki yafe mini, amma ba zan miƙa shi ba."

Direba ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Ban taɓa tsallake maganarki ba, Inna. Yau ɗaya ki yi mini uzuri. Ba a taɓa yaron nan, uwarsa kuma tana ɗakinta."

Mai kaciya ya rataye jakarsa ya fice. Inna ta bi bayansa.

Wata shida ba ta amsa gaisuwarsu. Kullum mai ɗinki sai ta je ta durƙusa, ta dawo da kuka, gobe ta koma.

Ranar tiyata awa biyu suka yi suna auna barandar asibiti da ƙafa. Aka fito da yaron da siririyar roba a gabansa, fitsari na bi ta ciki. Kwana bakwai uwar na riƙe masa hannu kada ya fizge.

Ran da aka cire robar, Inna ta shigo babu ko sallama.

"Ba ni shi in ga abin da suka ɓata."

Tana kwance masa famfas, yaro ya saki fitsari siriri, miƙaƙƙe, har kan mayafinta.

Ta zuba masa ido. Can ta goge ido.

"Ja'iri, haka ake tarbar uwargida?" Ta juya ga mai ɗinki da ke durƙushe. "'Yar nan, tashi daga durƙuson haka. Samo mini ruwa."

'Yan mata, ku riƙe wannan: haƙuri ba wai miƙa wuya ga kuskure ba ne. Ki tsaya kan gaskiyarki, gwiwarki a ƙasa. Abin da aka yanke cikin fushi, fata ce ko igiyar aure, ba ya komawa yadda yake.