Dutsen Tsohuwar Tasha

Ana gab da kiran magariba, Yagana na kwashe tuwo, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Mijinta Ari, da ke alwala a tsakar gida, ya ɗaga kai. Na biyu ya sauka a gabansa. Ya ɗauka, ya yar da sauri, don zafinsa kamar daga murhu aka ciro shi.

Ari direban motar tono ne a kamfanin da ke haƙa tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, tsakanin Fagge da Sabon Gari. Ramin ya kai zurfin bene uku, har an fara fitar da matakala da dakalin fasinja. A wurin tonon ne ya ci karo da wani faffaɗan baƙin dutse, sumul, ya ɗauko shi a ɓoye ya kawo wa Yagana ta riƙa wanki a kai.

Kwana shida ana jifa, kullum da faɗuwar rana. Zuciyar Ari kuwa ta tsaya a kan mutum ɗaya: Okechukwu, dattijon da katanga ɗaya ta raba su, tsohon ma'aikacin reluwe, haifaffen Sabon Gari. Shi ne ya tare shi a ƙofar gida ya ce, "Malam Ari, inda kuke tonawa 'yar tasha ce a da, wurin da jirgi ke shan ruwa. Babana ya ce ko masu shimfiɗa layin kewaye dutsen nan suka yi. Ka mayar da shi."

"Wa ya gaya masa daga can na ɗauko?" Ari ya tambayi matarsa.

"Shekara goma sha biyu muna tare, ko kazarmu bai taɓa kora ba."

"Ke dai ba ki san mutane ba."

Ari ya kai ƙarar dattijon gun mai unguwa. Kafin a zauna, magana ta zagaye layin. Aka daina amsa gaisuwar dattijon, masu shago suka daina kallonsa.

Ran na bakwai ba a yi jifa ba. Gidan ya yi tsit, ko kukan kaza babu. Sai ga Kamila, 'yarsu mai shekara sha shida, tsaye a kan baƙin dutsen, idanunta a kafe. Ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito.

"A ja da baya. Ayari na tafe."

Yagana ta saki kwano. Ari ya fita ba takalmi, ya ɗauko Malam Abdulnasir mai ruƙiyya daga Kwaciri.

Malam ya zauna a kan buzu, ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta fara makyarkyata. Sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai tsaron mashiga. Tun kafin a kawo jirgi mutanenmu ke sauka a wurin nan. Mai gidan nan ya cire mana ƙofa, ya bar iyalina a fili. A ba ni yarinyar ta tsare wurin a madadinta."

"Ba ka da iko da ita. Ka ji tsoron Allah."

"To a zuba mini jini."

"Ko na sauro ba za a zuba ba. Dutsenka za a mayar maka, ka fita."

Sai muryar ta gindaya sharaɗi.

"Kafin su zuba kankare gobe."

Ari ya matso. "Maƙwabcina ne ya turo ka?"

Aljanin ya yi wata busasshiyar dariya. "Wancan? Shi kaɗai ne a layin nan yake yi mana sallama in ya wuce."

Kamila ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta.

Da safe Ari ya tsaya gaban injiniyan kamfanin ya faɗi abin da ya yi. Aka dakatar da shi mako biyu, amma aka bar shi ya sauke dutsen a gurbinsa da hannunsa.

Daga can bai shiga gida ba, ƙofar Okechukwu ya nufa, yana ta jera kalmomin ban haƙuri a ransa. Ya tarar an garƙame ta da kwaɗo. Mai shagon da ke kallon gidan ya ce tun da hantsi ɗan dattijon, Victor, ya zo da mota daga Enugu, suka kwashe kaya.

"Bai bar saƙo ba?"

"Ya ce a gaishe da Kamila da jiki."