Ranar da Zuhura Ta Kama Sunan Surukarta

Zuhura na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, murmushi ya ƙi barin fuskarta, sai ta ji sallamar Yaya Sanusi, wan mijinta. Mutumin da ya saba tambayar lafiyar gida har ta kaji, yau bai ko tsaya gaisuwa ba.

"Ina Mas'udu? Kira min shi. Ke ma kada ki gusa."

Murmushin nata yana da dalili. Wata jami'a ta ƙasar waje ce ta ba ta tallafin karatun digiri na uku, don ta yi bincike a kan tanadin da gwamnatocin duniya ke yi wa manoman da rikici ya raba da gonakinsu. Mas'udu, malamin sakandare a nan Talata Mafara, shi ya yi ta goya ta a babur zuwa inda sabis ke da ƙarfi har aka gama intabiyu. Ranar da sakamako ya fito, har ya fi ta rawar jiki.

Sanusi ya miƙa wa ƙanensa waya. Ashe jami'ar ta ɗora guntun intabiyun a shafinta, 'yan Maradun, yankin su Mas'udu, suka samu, suka yi ta yaɗawa a wasap. Ga Zuhura nan tana zuba Turanci, tana ba da labarin yadda 'yan bindiga suka kashe surukinta a Gidan Goga, matarsa ta gudo ba takalmi, da zane ɗaya. Kuma a tsakiyar Turancin ga suna nan tangaran, wanda ko bai yi boko ba zai ji shi: Turai.

To, wace matar ɗa ce ke kama sunan surukarta gatsau? Zuhura da ko maƙwabciyarsu Turai ba ta iya kira, sai dai ta ce mai sunan Inna. Amma da ta zauna gaban Turawa, ɗoki ya ɗebe ta, kunya ta bi iska.

"Kin sayar da hawayen uwarmu kin sayi kujerar jirgi," in ji Sanusi. "Jiya a kasuwa har da mai yi min jaje, wai an gan mu a duniya muna neman tausayi. Mas'udu, ko ta ajiye karatun ga, ko ka ba ta takardarta."

Mas'udu ya mayar wa wansa da wayar.

"Yaya, ta yi kuskure, ban musa ba. Amma matata ce, ba zan sake ta ba. Inna aka yi wa laifi, ita ke da hukunci."

Inna Turai na ɗakinta, duk a kunnenta. Ba ta fito ba. Tuwon da Zuhura ta kai mata da yamma haka ya dawo, ko murfin ba a ɗaga ba. Zuhura ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka tana ba da haƙuri, labule bai ko motsa ba.

Washegari mahaifiyarta ta kira ta daga Bakura.

"Na ga abin da kika yi, kin ba ni kunya. Kada ki kuskura ki kwaso min kaya da sunan yaji. Inda kika yi ɓarna, nan za ki zauna ki gyara."

Ta zauna ɗin. Ta roƙi jami'ar ta sauke bidiyon, aka sauke. Kullum da safe ta ɗora ruwan zafi, ta dama kunu, ta durƙusa ta gaida labule. Wata rana a sha kunun, wata rana a bar shi ya yi sanyi. Ga jami'a na jiran amsarta kafin ƙarshen wata. Zuhura ta rame, baƙin ciki ya cika ta, don ta san ita ta jawo.

"Ni fa na yanke shawara," ta ce da Mas'udu ran nan yana shirin fita makaranta. "In Inna ba ta yafe ba, zan ce musu na fasa sikolashif ɗin. Ba zan hau jirgi da fushinta ba, kuma ba zan raba ka da 'yan uwanka ba. Na fi son ka da kowane digiri."

Ya ajiye hularsa, ya zauna kusa da ita.

"Zuhura, ban aure ki don in kashe miki buri ba. Wallahi in kika fasa, ni ma wani abu zai mutu a raina. Amma uwata ce, ba zan iya matsa mata ba. Mu ci gaba da addu'a."

Wata ya kusa ƙarewa. Wata safiya ta durƙusa kamar kullum, ta yi gaisuwa, ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji murya daga ciki.

"Shigo."

Inna na zaune kan tabarma da carbi. Ta ajiye carbin, ta dubi Zuhura.

"Na sa an fassara min abin da kika faɗa. Kin ce na gudu."

"Inna, ki yafe min—"

"Saurara. Ban gudu ba. Da suka tafi, ni da wata maƙwabciya muka ja Malam zuwa inuwa. Na kwance zanena na sama na rufe shi. Na zauna ina kore mashi ƙuda har maza suka fito daga daji aka yi mashi sutura. Sannan na taho. Kin zauna da ni gida ɗaya, kin wanke min faso a ƙafa, amma ba ki taɓa tambayata ba. Turawa suka riga ni jin labarina, kuma ba daidai ba. Wannan shi ya ci min rai, ya fi sunan ciwo."

Zuhura ta kifa kanta a ƙafafun tsohuwar, kuka ya ci ƙarfinta. Ko Mas'udu bai taɓa jin wannan ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, hawaye na bin gemunsa.

"Na ji abin da kika ce da mijinki, wai za ki fasa," in ji Inna. "In kin fasa, wa zai faɗa musu gaskiyar irinmu? Ki tafi. Amma duk matar da za ki ba da labarinta, ki fara zama gabanta ki nemi izini, ki ji daga bakinta."

Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta.

"Ka gaya wa Sanusi, ina raye ba mai sakin ɗiyata."

Sannan ta dafa kan Zuhura.

"Sunana kuwa ki bar min abina. In sun tambaye ki wace ce, ki ce musu uwarki ce."

Haka Zuhura ta tafi karatunta da albarkar gida biyu, igiyar aurenta ba ta girgiza ba. 'Yan uwana masu neman ilimi, ciwon wani amana ne, ba a ɗaukarsa a kai wa duniya sai da yardar mai shi. Wanda kuma ya yi kuskure ya zauna ya yi haƙuri ya nemi gafara, Allah ba zai bar shi ya taɓe ba.