Dubu Ɗari Biyu da Ɗaya

Auta ta fi kowa saurin lissafi a ajinsu. Kafin Malama ta ajiye alli, hannunta yana sama. Da gasar azuzuwa ta zo, sai aka zaɓe ta tare da wata yarinya mai sanyin magana da ake kira Doguwa.

Ranar gasa zauren makaranta ya cika maƙil. Maki ya zo kunnen doki, saura tambaya ɗaya. Shugaban makaranta ya rubuta 200,001 a allo.

Ya ce, "Wannan lamba mara ce, biyu ba ta raba ta. To, ban da ɗaya da ita kanta, akwai lambar da za ta raba ta ba saura?"

Doguwa ta ja rigar Auta. "Tsaya mu gwada uku."

Auta ta ture hannunta ta miƙe. "Babu, Malam. Ba ta rabuwa."

Wani yaro daga ɗaya ajin ya tashi a natse. "Uku tana raba ta, Malam. Kowane kashi 66,667."

Shi ke nan, kofi ya tafi ajin su yaron.

Da aka tashi, ba wanda ya jira Auta a bakin ƙofa. Ita kaɗai ta tako har gida, jakarta na jan ƙasa. Ta shige ɗaki ta juya wa bango fuska. Abinci ya huce a gabanta.

"Umma, ni na bar makaranta," in ji ta cikin kuka. "Ashe ban iya komai ba."

Umma ta zauna a bakin katifa. "Lissafin ne ya kayar da ke, ko rashin jin maganar abokiyarki?"



Washegari Auta ta koma kujerar baya. Malama ta yi tambaya mai sauƙi, amma hannunta ya ƙi ɗaguwa. Haka ta yi ta zama kamar mara lafiya har mako ya ƙare.

Ran nan lokacin hutun tara, ta sami Doguwa a gindin bishiya.

"Ki yi haƙuri. Ni na ja mana."

"Ya wuce," in ji Doguwa. Ta tsuguna ta rubuta lambar a ƙasa da tsinke. "Tara ƙwayoyinta. Biyu da ɗaya nawa?"

"Uku."

"In uku ta raba abin da kika samu, ta raba lambar duka, komai girmanta."

Auta ta gwada da wata lamba, ta ga haka ne. Ta sake gwadawa, har dariya ta kuɓuce mata.

Malama tana tsaye a bayansu. Ta ce, "Gobe ku biyu za ku koya wa aji wannan."

A ranar Auta ta gane cewa sauri ba shi ne sani ba. Mai son ya dace, sai ya tsaya ya gwada, ya kuma saurari na kusa da shi.