Ƙasar Ganuwa, Rufin Kabara

A zamanin sarki na farko da Nasara suka naɗa a Kano, a kakar da ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa, an yi wani magini a unguwar Kabara mai suna Ari. Kakanninsa Barebari ne da suka zo da allo da tawada, amma ubansa ya karkata ga gini, shi kuma ya gada. Uban ya rasu ya bar masallacin lungunsu kango, bango ya tashi, rufi babu. Burin Ari tun yana saurayi shi ne ya rufe masallacin nan da bakan gizo, lanƙwasasshen ɗaurin rufi da ba kowane magini ke iyawa ba. Sai dai shekaru sun shuɗe bai aza masa ko tubali ɗaya ba, kuma duk lungun an san dalili.

Kafin zuwan Nasara, idan amfanin gona ya shiga rumbu, akan raba wa hakimai gyaran ganuwa, kowa da yankinsa. A gyaran ƙarshe, Ari ne ke kan wani yanki kusa da Ƙofar Dawanau, inda ruwa ya tsaga bangon tun daga tushe. Jakadan hakimin, wani Musbahu, ya kwashe 'yan gayya ya kai su su gina masa zaure. Ari ya ji tsoron bakin fada. Ya shafe tsagar da yaɓe, ya yi mata kyau, ya kama bakinsa. Ranar da Nasara suka iso aka jera 'yan baka a kan ganuwa, har da Kolo, ƙanen Ari. Nasara ba su ma biyo ta nan ba. Ƙarar igwa ce daga nesa ta firgita mutane suka cure wuri guda, bangon ya rufta da su. Kolo ya cika a nan, bai harba kibiya ko ɗaya ba.

Tun daga nan Ari ya tsani hannuwansa. Kowace kaka sai ya tafi shi kaɗai ya gyara yankin, alhali ganuwar ba ta tsare kowa. Awaki na hawa kanta, gindinta ya zama wurin bahaya, wari ya hana tsayawa, shi kuwa yana can yana kwaɓa ƙasa.

A wannan kakar yana cikin yaɓe sai ga Musbahu a kan alfadari. An daɗe da soke jakadu, amma irinsa ba sa nutsewa: ya liƙe wa tafintan Bature, ya yi wuya, yana tashin warin sigari.

"Sannu da aiki, Malam Ari. Jakunan gyaɗa na cunkushewa a ƙofa, Bature ya ce a fasa nan a yi hanya. Na ce na san wanda ya fi kowa sanin raunin bangon nan."

Ya faɗa yana murmushi, ko kunya babu. "Na ji, ranka ya daɗe," in ji Ari. Da alfadarin ya juya, Ari ya tofar da yawu.

A gida ya tarar da yayarsa Ya Kaka, wadda ta goye shi ta goyi Kolo, tana kaɗi. Ya zayyana mata, ya rantse sai dai a fasa da shi a ciki. Ta ajiye mazari ta dube shi sama da ƙasa.

"Tir! Ni ba Musbahu ne ke ba ni ƙyama ba, Ari, kare ai ba a hana shi bin ƙashi. Kai ne. Kolo yana wurin Ubangijinsa, ba ya cikin bango. Ka leƙa masallacin Baba kuwa? Kashin jemage ya rufe wurin liman, bangon gabas ya fara karkata. Idan damina ta sake samunsa a buɗe, ka kashe na biyu ke nan."

"Yaya, hannun da ya ɓoye tsaga ne zai ɗaura rufi a kan masu sallah?"

"To wa ya fi shi sanin tsaga?"

Washegari da hantsi Ari ya je ƙofar Musbahu, ya tsaya a zauren nan da aka gina da gumin 'yan gayyarsa, ya ƙi zama. Ya ce zai fasa, amma duk ƙasar da ta fito tasa ce. Musbahu ya yi dariya har rawani ya goce, don bai ga abin so a tarin ƙasa ba. Magina kuwa sun sani, ƙasar tsohon gini da aka sha kwaɓawa da ciyawa ta fi sabuwa riƙo.

Ya yi kuka sau ɗaya a gindin bangon, sannan ya ɗaga dundurusu ya fara fasa shi. Jakuna na shiga da gyaɗa, nasa na wucewa da ƙasa zuwa Kabara. Ya rushe bangon gabas na masallacin har tushe ya sake tayar da shi, ya ƙi yarda da yaɓe a kan ko wace tsaga. Azara bisa azara, bakan ya riƙa miƙewa daga ɓangarorin biyu har ya haɗe a sama.

Abin da aka ruwaito shi ne, an gama rufin kafin ruwan fari, kuma Ari ya hana kowa shiga sai da ya hau kai shi kaɗai ya tattaka shi lungu-lungu. Musbahu kuwa, ba a ce wani abu ya same shi ba. Ya mutu da ƙibarsa, aka yi masa babbar jana'iza, abin takaici. Haka mulki yake, yakan sauya hannu ya bar maroƙansa a inda suke, kuma ƙaddara ba ta mayar da wanda ƙasa ta rufe, komai daɗewar mai nadama a bakin rami. Abin da ke hannun bawa shi ne aikin da ya saura.

An ce da aka tayar da sallar farko, Ari yana sahun baya yana kallon mutane. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin da tsoro. Sai a sannan ya yi kabbara.