Takardar Barranta

A ƙasarmu ba a tsare mutum sai da hujja, ba a hukunta shi sai da shaida, kuma ko wanda ya fi kowa laifi yana da haƙƙin lauya da haƙƙin ganin iyalinsa. An rubuta wannan da manyan baƙaƙe a kan wani shuɗin allo da aka kafe a ƙofar gidan yarin lardi. Allon kuwa yana da amfani ƙwarai, domin a ƙarƙashinsa ne kaɗai ake samun inuwa idan rana ta take. A wannan inuwar Kawakib ta shekara uku tana tsayuwa duk ranar Laraba, rungume da ƙunshin burodi da cuku, tana jiran a buɗe taga a ce mata yau ma babu ziyara.

Mijinta, Zannun, mai gidan burodi ne a wata unguwa da ke gangaren kogin Dijla. Lokacin da masu baƙar tuta suka kama garin, mai mota ya gudu, mai dangi a birni ya bi danginsa, shi kuwa tanderu gare shi, tanderu ba ya shiga mota. Ya ci gaba da gashinsa. Unguwa ta ci, marayu suka ci, masu bindigar ma kullum da safe sukan aiko a kwashe musu faranti biyu, ba su taɓa tambayarsa ko ya yarda ba. Ranar da sojoji suka ƙwato garin Kawakib ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Bayan kwana tara, da hantsi, aka jera mazan unguwa a filin makaranta, aka zo da wani mutum da baƙin ƙyalle a fuska, ya riƙa bi yana nuni da yatsa. Ya nuna Zannun. Laifinsa: ciyar da 'yan ta'adda.

Doka ta hana a faɗi sunan mai tsegumin ɓoye, shi ya sa ake rufe masa fuska. Sai dai doka ba ta tuna da ƙafa ba, kuma babu wanda bai san ɗingishin Mizhir ba, ɗan baffan Zannun, wanda tun rasuwar kakansu yake cewa gidan burodin nasa ne. Ba a yi wata guda ba ya hura tanderun, ya sake fenti, ya rubuta sunansa a ƙofa. Duk sa'ad da Kawakib ta gifta sai ya leƙo yana goge hannu.

"Matar ƙanena! Ba a gaisuwa? Zo ki karɓi biyu masu zafi ki kai wa yarinya, mu ba ma riƙe mutum a zuci."

"Allah yana gani, yaya."

"Yana gani mana! Ai shi ya sa ni ina waje shi yana ciki."

Yarinyar kuwa, Tabarak, a zamanin baƙar tuta aka haife ta, takardar haihuwarta na ɗauke da hatiminsu, don haka a wajen hukuma ba a haife ta ba tukuna. Wannan bai hana ta ciwo ba. Da cutar jini ta zo duniya, duk mako uku sai an ƙara mata jini a asibitin birni, tsakanin garinsu da birnin kuma shingen sojoji huɗu ne, kowanne sai ya ga katin shaida. Da farko wata maƙwabciya ce ke ba su aron katin 'yarta, har ranar da wani soja mai kaifin ido ya lura cewa ta cikin hoton tana da kumatu. Aka sauke su a bakin hanya cikin rana. Kawakib ta goya 'yarta ta dawo a ƙafa, tana tafe tana kuka tana cewa, "Ya Rabbi, ba ni da kowa sai Kai... ba ni da kowa!"

Washegari ta tafi ofishin katin shaida. Magatakardan, wani mai furfura da ƙaramin kofin shayi a gabansa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Baiwar Allah, abin ba wuya. Ki je gaban alƙali ki rantse mijinki ɗan ta'adda ne, kin barranta da shi. Ki dangwala yatsa. Kwana goma katin yarinya ya fito."

"Amma ba ɗan ta'adda ba ne, yallaɓai! Burodi yake gasawa!"

"Ni na ce shi ne? Dubi bayanki. Duk matan nan waliyyai suka aura. Mai bi mata!"

Ta ƙi. Wata shida tana ƙi, tana bin ƙauyuka ta bayan gari a motar masu tumaki don ta kauce wa shinge, wata rana su isa, wata rana a dawo da su. Danginta suka daina zuwa. Yayanta ya aiko mata cewa ta rabu da mutumin nan, tana ɓata musu suna a wurin aiki.

Sai ga wata Laraba an buɗe taga an kira sunanta! Minti biyar aka ba su, da ragar waya ninki biyu a tsakani. Ta tsaya tana neman mijinta cikin fuskokin da ke bayan wayar, sai wani tsoho ya ce, "Ummu Tabarak, ni ne." Haƙoransa na gaba babu, yatsun damansa sun lanƙwashe kamar saiwa. Ya ce su ɗari da ashirin ne a ɗakin mutum talatin, kwanciya ma bi da bi ake yi. Ya ce ya amsa laifinsa tun makon farko, ido a ɗaure.

"Ka amsa? Me ka amsa, Abu Tabarak?"

"Komai. Da sun tambaye ni wa ya rage ruwan kogi, da na ce ni ne." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Shari'ar minti tara aka yi. Har da lauya suka ba ni, mutumin kirki, ya tambaye ni sunana. Rai da rai aka ce, amma wai za a sake dubawa a sama. Yaya 'yata?"

Nan ta fashe da kuka, ta gaya masa komai: shingen, katin aro, magatakarda, takardar barranta. Da ta gama, ya matso jikin wayar ya ce:

"Ki dangwala."

"In dafa Alƙur'ani in yi maka ƙarya?"

"Allah ya san burodi na gasa, Kawakib. Takarda ce ba ta sani ba, ita kuma ba ta jin zafi. Ni an riga an gama rubuta ni. Ki ceto mini yarinyar... don Allah ki cece ta!"

Da ta koma gida ta tarar da Tabarak kwance a tsakar gida, leɓɓanta sun yi fari fat, tana numfashi sama-sama, ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Mama, Baba ya ci burodin?" Ranar Lahadi, farkon makon aiki a ƙasarmu, Kawakib ta tsaya gaban alƙali. Aka karanta mata ta maimaita: cewa mijinta yana tare da 'yan ta'adda, cewa ta gani da idonta, cewa babu ita babu shi. Hawayenta ya ɗiga a kan takardar, akawu ya goge da gefen hannunsa don kada tawada ta ɓaci. Kwana goma cif katin ya fito. A wannan fannin, gaskiya, hukuma ba ta saɓa alkawari.

Tabarak ta samu jini, kumatunta suka ɗan ciko. Kawakib ta fara tunanin ko wahala ta gaji da ita. Sai wata lauya, Ustaza Balsam, wadda ke bin shari'un tsararru kyauta, ta aiko a kira ta. Ta zaunar da ita, ta zuba mata shayi, ta daɗe tana juya cokali.

"'Yar'uwa, kotun sama ta duba maganar mijinki. Ta ce tsegumin ɓoye shi kaɗai ba ya ɗaure mutum. Ta ce amsa laifin ma babu shi, likita ya ga tabon jikinsa. Saura kaɗan a sake shi."

"Alhamdu lillahi! Yaushe?"

"Sai suka buɗe shafin ƙarshe suka ga sabuwar shaida. Rantsuwar matarsa. Suka ce wa ya fi matar mutum sanin mutum? Sun tabbatar da hukuncin."

Kawakib ta dubi babban yatsanta na dama, inda har yanzu akwai ɗan shuɗin tawada a gefen farce. Ta sa shi a baki ta cije har jini ya fito, sannan ta saki wata ƙara da ta sa masu shaguna a ƙasan ofishin suka fito. "Ni ce! Ni na rufe shi! Wayyo Allah, da hannuna... da hannuna na rufe shi!"

Shekara biyu suka ƙara wucewa a haka. Ba ta fasa zuwa inuwar allo ba, ko da yake yanzu masu gadi suna da hujja mai kyau: wadda ta barranta da mutum me ya kawo ta ziyararsa?

Mizhir kuwa nunin yatsa ya zame masa sana'a, har ya fi burodi. Duk mai gona mai kyau a gefen tasa, duk wanda ya taɓa yi masa dariyar ɗingishi, sai ƙyalle ya hau fuska. Wata rana yatsan ya yi kuskure ya nuna wani saurayi mai gyaran janareta, ashe ƙanen matar wani babban hafsa ne. Da azahar aka zo aka ɗauke Mizhir a gaban tanderu, yana ihu yana cewa shi mutumin hukuma ne. Aka kai shi ɗakin da aka taɓa kai Zannun, wurin mutanen da suka taɓa tambayar Zannun. Cikin kwana biyu ya amsa cewa ya yi wa mutum ashirin da uku ƙarya, har da ɗan baffansa. Ya kuma amsa cewa shi ya fasa gadar garin, wadda har yau tana nan tsaye. Shari'arsa minti goma sha ɗaya ta ci. Rai da rai.

Ustaza Balsam da kanta ta zo gida da labarin. Kawakib ta faɗi ta yi sujada a kan siminti, Tabarak na tsalle tana tafi. Lauyar ba ta yi murmushi ba.

"Takarda ɗaya ta rage a kansa. Taki. Sai kin je kin ce ƙarya kika yi."

"Ai ƙaryar ce! Yau ma sai in je!"

"Tsaya ki ji. Ƙarya bayan rantsuwa shaidar zur ce. Shekara guda, in alƙalin mai tausayi ne."

Kawakib ta dubi 'yarta.

"Katin yarinyar fa?"

"Ba za a taɓa shi ba, tunda ubanta ya wanku."

"In na yi shiru kuma?"

"Ya zauna."

Ta miƙe ta ɗauko mayafinta, ta karkaɗe shi. "To wace rana ce kotun ba ta da cunkoso?"

Alƙalin mai tausayi ne. Ya yi jawabi mai daɗi a kan yadda gaskiya ta yi halinta, da yadda ba a zaluntar kowa a ƙasar nan, ya wanke Zannun tas, ya ba Kawakib shekara guda. Aka fito da shi ta babbar ƙofa da takardar wankewa a hannunsa mai lanƙwasa, daidai lokacin da wata mai gadi ke jan matarsa zuwa sashen mata. Ya yi kanta yana kuka kamar yaro, yana kiran sunanta. Ita ba ta yi kuka ba, ta riga ta ƙarar da nata. Ta zaro katin Tabarak daga ƙirjinta ta danƙa masa.

"Ranar Talata ce ƙarin jininta. Ku fita da wuri, shinge na uku yana da layi. Kada ka bari ta ga allurar, ka ce ta dubi taga. Ka ci abinci, Abu Tabarak."

Larabar da ta biyo baya Zannun ya zo ƙofar gidan yarin da ƙunshin burodin da ya saya a kasuwa, domin yatsunsa ba sa iya kwaɓa ƙullu kuma. Ya tsaya ƙarƙashin shuɗin allon. Can sai ga matar Mizhir da nata ƙunshin, ta tsaya nesa cikin rana, kanta a sunkuye. Ya dube ta, ya matsa gefe ya bar mata rabin inuwar. Suka jira tare har la'asar, sannan aka buɗe taga aka ce yau babu ziyara.